Neman taimako: ina kuɗin harajin Kenya suke shiga a zamanin Turawa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta takardar kammala digiri a kan mulkin mallaka a Kenya, kuma mako biyu ke nan na cije a babin haraji.

Na gane cewa bayan layin dogo daga Mombasa ya isa Kisumu a 1901, an keɓe wa Turawa 'yan kaka-gida ƙasar noma mai kyau ta kan tuddai. Aka ɗora wa 'yan ƙasa harajin bukka da harajin kai, don neman kuɗin biya ya kora su ƙwadago gonakin Turawa. Har kipande aka rataya wa maza a wuya, wani ɗan gwangwani mai ɗauke da hoton yatsa da sunan ubangida.

Ga inda na maƙale. Mu nan Arewa, a zamanin Turawa, sai dagaci ya tara haraji da jangali, a raba, wani kaso ya shiga baitulmalin En'e. To a Kenya fa? Majalisun gargajiya da aka fara kafawa a 1925 suna da nasu kason, ko duka Nairobi ake kaiwa? Malamina ya ja layi da jan biro a nan, ya rubuta "kawo hujja" kawai. Don Allah wanda ya sani ya taimaka, Litinin zan miƙa.