Albam ɗin Visions na Stratovarius: ina ƙarfinsa, ina rauninsa?

Ɗan Garwa:

Slm jama'a. Dan Allah masu jin kiɗan jita mai nauyi ina da tambaya. Ina koyon jita ne a nan Garwa, to malamin da yake koya min ya tura min albam ɗin Visions na ƙungiyar Stratovarius a katin waya, ya ce in dai ina son sanin fawa metal mai salon kiɗan Turawan da, to daga nan zan fara. Gsky waƙar Black Diamond ta kama ni tun daga buɗewarta, wannan kibod ɗin da yake shigowa shi kaɗai kafin ganga ta faɗo, har tsigar jikina tashi take yi. Amma da na yi nisa a ciki sai in ji kunnena ya gaji, gangar ba ta numfashi ko kaɗan, kuma waƙoƙi masu saurin sai in ji kamar abu ɗaya ake ta maimaitawa. Kunnena ne bai saba ba ko kuwa albam ɗin ne yake da wannan raunin? Wanda ya san shi sosai ya faɗa min tsakani da Allah, inda ya yi ƙarfi da inda ya gaza.

Mai Jita Gaundare:

Wslm ƙanina, malaminka ya zaɓa maka abu mai kyau. Bari in fara da su waye, don in ka san mutanen za ka gane dalilin da sautin ya fito haka. Ƙungiyar ta ƙasar Finlan ce, albam ɗin ya fito a 1997, shi ne na shida da suka yi, waƙa 10 ne a ciki kusan awa guda. Mai jita Timo Tolkki shi ne ginshiƙi a lokacin, da can ma shi yake rera waƙar da kansa kafin su ɗauko Timo Kotipelto wanda aka fara jin muryarsa a albam ɗinsu na 1995. Mai kibod ɗin da ya kama ka kuwa Jens Johansson ne, ɗan Suwidin, kuma ba baƙo ba ne a wannan salon don shi ya kaɗa wa mai jita Yngwie Malmsteen a albam ɗinsa Rising Force na 1984, wanda kusan kowa yake cewa daga nan salon ya tsaya da ƙafarsa. Mai ganga Jörg Michael Bajamushe ne, saurin gangar nan da ƙungiyar Helloween ta Hambug ta yi suna da shi a 1987 da 1988 shi ya taso a cikinsa.

To ka ga gida biyu aka haɗa, saurin Jamus da kuma tsarin su Bach da Vivaldi da Paganini mai gogen Turawa. Ƙarfin albam ɗin a wurina shi ne ba su bar gwaninta ta cinye waƙa ba. Akwai masu wannan salon da yawa da in ka cire gudun yatsu ba abin da ya rage, amma nan kowace waƙa tana da amshin da za ka iya rerawa kana kan moto, Forever Free, Paradise, Legions duk haka suke. Sannan ka kasa kunne wajen solo na Black Diamond, wato inda murya ta yi shiru makaɗa suka nuna gwaninta, jita ta faɗi nata kibod ya mayar mata, ta sake ya sake, har wani lokacin sai ka natsu kafin ka bambance wanne ne wanne don Johansson yana murɗa sautin kibod ɗinsa ya yi kuka irin na jita.

Tunda kana koyo ga abin da za ka gwada yau ɗin nan. Kiɗanmu na nan da na su Bombino da Mdou Moctar na Nijar yawanci a kan sauti biyar yake tafiya, su kuwa bakwai suke bi, kuma akwai wani tsani da suke yawan hawa, la, si, do, re, mi, fa, sol diyez (wato sol da aka ɗaga gida ɗaya a wuyan jita). Ka danna sautin fa a wayar jita ɗaya, ka tsallake gida biyu ka danna na uku, wannan ratar mai faɗi tsakanin fa da sol diyez ita ce take ba ka ɗanɗanon nan kamar na Larabawa kamar na coci. Ka yi ta a hankali ƙaramin yatsanka zai yi tsami amma kunnenka zai buɗe, daga nan za ka riƙa jin ta a ko'ina cikin salon.

Kibod Njamena:

Yaya Mai Jita duk abin da ka faɗa haka ne amma ka tsallake tambayar yaron, ganga ya yi kuka da ita kuma wlh yana da gaskiya. Ni kibod nake kaɗawa a bukukuwa nan Njamena, kullum da makaɗa nake zama, abin da na sani shi ne ganga magana take yi, mai kalangu yana matse ta a hammata ya sassauta, ya ja baya ya bar mawaƙi ya shiga, ya dawo. A waƙoƙin saurin Visions ba wannan, ƙafa biyu ne a kan babbar ganga suna ta dakan bai ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ba gaba ba baya. Na san da wuya, ba kowa zai riƙe wannan gudun minti biyar ko shida bai kauce ba, na jinjina wa mai gangar, amma wuya daban daɗi daban. Shi ya sa kunne yake gajiya.

Na biyu ginin waƙoƙin iri ɗaya ne, buɗewa, baiti, amshi, baiti, amshi, solo, a koma amshi. In ka ji Forever Free ka ji Legions a jere za ka iya faɗin inda solo zai shigo tun bai zo ba. Kuma mai bes, jitar nan mai sautin ƙasa, Jari Kainulainen gwani ne na gaske amma a masu saurin an danne shi a ƙarƙashin jita da ganga, sai a The Kiss of Judas da aka rage gudu kake jin sa sosai yana tafe da waƙar a kafaɗarsa. Ni a wurina ita ce ta fi kowacce a albam ɗin, saboda an bar fili, kowane kayan kiɗa yana da wurin tsayawa, muryoyin nan na baya masu kama da taron mawaƙa suna cika ta ba tare da hayaniya ba. Da sun yi irinta uku sun rage masu gudun da ban ce komai ba.

Holy Light kuma, wadda ba murya a ciki, ni mai kibod ina jin daɗinta don darasi ce, amma in ka sa wa wanda ba makaɗi ba zai ce maka motsa yatsu kawai suke yi, sai tsakiyarta da aka sassauta ne take taɓa zuciya.

Yar Marwa:

Sannunku yayyena. Ni ba na kaɗa komai, saurare kawai nake yi, kuma ta wajen murya da kalmomi zan yi magana tunda ba wanda ya taɓo su. Muryar Kotipelto tas take, ba gurnani ba ihu, yana hawa sama can ya riƙe ba ta rawa, wannan ne ma ya sa na iya zama da albam ɗin don yawancin metal ba na jurewa. Amma yana daɗewa a saman da yawa, inda ya fi shiga raina shi ne Before the Winter da ya sauko ƙasa yana rerawa a hankali. Na san mutane da yawa suna tsallake masu sanyin nan biyu, ita da Coming Home, wai sun yi zaƙi, ni Coming Home ce kawai nake ganin ba ta ƙara komai ba.

Kalmomin kam ba su kai kiɗan ba gsky, Turancin mai sauƙi ne, 'yanci, soyayya, haske, abin da an sha faɗa. Paradise ce ta fita daban don tana magana a kan yadda ɗan Adam yake lalata ƙasar da yake zaune a kai, mu da muke ganin yadda Tafkin Chadi ya ja baya da yadda ake sare itace ana gawayi, wannan ba labarin nesa ba ne a wurinmu.

Sai abu ɗaya da ya kamata a faɗa wa ƙaninmu. Waƙar ƙarshe mai sunan albam ɗin, wadda ta wuce minti 10, a kan hasashen Nostradamus aka gina ta, Bafaranshen nan da ya fitar da littafin hasashensa a 1555, har akwai inda murya take karanto maganganun. Mu dai mun san gaibu sai Allah, ni ina jin ta ne a matsayin kiɗa ba wai na ɗauki zancen ba, wani kuma zai ga gara ya bar ta gaba ɗaya, kowa da inda zuciyarsa ta natsu. Ta fuskar kiɗa kuwa a nan suka fi sakin jiki, ta yi gudu ta tsaya ta canza ta dawo, maimaicin da Yaya na Njamena yake kuka da shi babu shi a cikinta.

Ɗan Garwa:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Yaya Mai Jita na gwada tsanin nan, daga fa zuwa sol diyez ɗin, kai, nan take na ji ƙamshin abin. Yaya na Njamena na koma kan The Kiss of Judas amma bes ɗin da kake faɗa ban ji shi sosai ba, ko don a lasifikar waya nake saurare?

Kibod Njamena:

Ita ce matsalar ƙanina, lasifikar waya ba ta fitar da sautin ƙasa, abin da take ba ka sai ƙarar farantan ƙarfe na mai ganga da saman jita, shi ma yana cikin abin da yake gajiyar da kai. Ka nemi abin sawa a kunne mai rufe kunnen duka ko ka jona a babbar lasifika, kuma ka duba girman fayil ɗin, masu tura waƙa a kasuwa suna matse su don kati ya ɗauki da yawa, waƙar minti shida in ka ga ba ta kai mega uku ba to an yanke mata jiki, ka nemi wata. Sannan kar ka sha albam ɗin a zama ɗaya, ka ji uku ka huta. In za ka koyi wani abu a ciki kar ka fara da solo na Black Diamond, ka fara da kiɗan rakiyar The Kiss of Judas, gudunta daidai hannun mai koyo ne, in dama da hagu sun daidaita a kanta sai ka matsa zuwa Paradise.