Neman shawara: Intel ko Ryzen zan haɗa don aikin editin?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema wajen masana. Sana'ata editin ɗin bidiyon biki da walima, to laftop ɗina ta gaji wallahi, da na ɗora bidiyon 4K a Premiere (manhajar editin) sai ta dinga ƙamewa har mai aiki ya gaji da kira. Na ɗan tara abin da na tara zan haɗa destop. Zaɓi biyu ne a gabana, furosesan Intel Core i5-14600K da madabod (allon da ake ɗora kayan kwamfuta a kai) B760, ko kuma na AMD Ryzen 7 7700 da B650. Sai kuma wani mai shago yake cewa in bar su duka in ɗauki i5-14400F da H610 in zuba ragowar kuɗin a girafik kad. Wutar da nake aiki da ita sola ce, inbata ƙarama, ɗakin kuma ba AC. Wanne ya fi dacewa da ni?

Mai gyaran kwamfuta: Wa alaikumus salam. Malam kafin komai ka cire wannan mai F ɗin daga lissafi. F a ƙarshen sunan furosesan Intel yana nufin babu girafik a cikinsa, kuma a cikin girafik ɗin nan ne Quick Sync yake, wanda shi ne yake taimaka wa Premiere wajen buɗe bidiyon H.264 da HEVC irin na kyamara da waya ba tare da ƙamewa ba. Ga mai buga gem F ba matsala, amma kai mai editin 'yan kuɗin da za ka rage ba su kai abin da za ka rasa ba. Sannan ranar da girafik kad ɗinka ya samu matsala, da mai F ko hoto ba za ka gani a allo ba. H610 kuwa bod ce ta ofis, yawanci ramin ram biyu ne kacal, kuma ɓangaren da yake ba furosesa wuta rarrauna ne, in ka daɗe kana rendarin (fitar da bidiyon da ka gama haɗawa) cikin zafin watan Afrilu sai ya yi zafi ya ja gudu baya.

Ɗan AMD: Ni dai 7700 zan ce, kuma saboda maganar sola da ka yi. Shi wat 65 aka rubuta masa, in ya ƙure aiki wajen 88 yake ci. Shi kuwa 14600K in ya taso yana kaiwa wat 181, ka lissafa wannan a batir ɗinka da daddare, ga zafin da zai sako maka a ɗaki. Kuma 7700 na cikin kwali lokacin da ya fito da fankarsa yake zuwa, sai ka tambaya ko naka yana da ita, 14600K kuwa sai ka sayi kula (na'urar sanyaya furosesa) daban mai kyau. Farashinsu lokacin da suka fito kusan ɗaya ne, dala 329 da 319, to in 7700 ɗin ya zo da fankarsa ka ga kuɗin kula ya riga ya cinye bambancin. Abu na biyu soket, wato gurbin da furosesa yake zama a bod. LGA1700 na Intel ya ƙare a kan jenareshon na 14, wato zubin su 14600K, sababbin Core Ultra da suka fito a Oktoban 2024 LGA1851 suke hawa, dole sabuwar bod. AM5 kuwa, soket ɗin 7700, AMD sun ce za su riƙe shi har 2027 ko ma gaba, B650 ɗinka za ta ɗauki Ryzen 9000 da abdet ɗin BIOS (manhajar da ke cikin bod) kawai.

Injiniya: Gaskiya ne maganar wuta, amma ɗan uwa ba ka faɗi ram ba, kuma nan kuɗin yake. AM5 ba ya karɓar komai sai ram nau'in DDR5, kuma kowa ya ga yadda ram ta yi tashin gwauron zabi tun ƙarshen 2025. B760 akwai mai DDR4, mutum zai iya samun giga 32 har ta hannu da sauƙi, mai editin 4K kuma ƙasa da 32 wahala ce kawai. Sannan 14600K core (ƙwaƙwalen aiki) 14 ne da shi, 6 manya 8 ƙanana, 7700 kuwa 8, a rendarin yawanci Intel ɗin ne a gaba. Wutar ma ai ba dole ba ce, a BIOS za ka iya ƙayyade masa wat 125 ko ƙasa, gudun da za ka rasa kaɗan ne. Kar ka tambayi kuɗin furosesa shi kaɗai, ka ce su haɗa maka jimillar furosesa da bod da ram da kula a kowane ɓangare sai ka kwatanta.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri Injiniya. To amma na ji ana cewa jenareshon na 13 da na 14 ɗin Intel suna lalacewa, gaskiya ne?

Injiniya: Gaskiya ne, a 2024 Intel da kansu suka amsa cewa boltej yana yi wa wasu yawa har ya raunana su, abin ya fi yawa a i9 da i7. Sun fitar da gyara ta BIOS, mai lamba 0x129 a Agusta sai 0x12B a Satumba, suka ƙara shekara 2 a garanti. Sabo a kwali da BIOS na yanzu ba na jin tsoronsa. Na hannu ne ban yarda ka saya ba, don gyaran ba ya dawo da wanda ya riga ya raunana, kuma garantin nan mu a nan wa zai karɓa maka?

Mai gyaran kwamfuta: In ƙara da abu ɗaya, duk bod ɗin da za ka ɗauka ka duba akwai ƙarfen sanyaya a gefen soket, ramin ram huɗu, da wurin M.2 (inda ake saka ma'ajiyar fayiloli) aƙalla biyu, ɗaya na Windows ɗaya na fayilolin aiki. Bod Z790 ko X670 ɓarnar kuɗi ce a wajenka tunda ba obakulok (ƙara wa furosesa gudu fiye da na kamfani) za ka yi ba. Kuma ka sa su kunna ta a gabanka ka ga lambar BIOS ɗin kafin ka biya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai jama'a, F da H610 dai na ajiye su. Gobe in sha Allahu zan karɓo jimillar kuɗin duka biyun in kawo muku. Yallabai mai gyara, fawa safulai wat nawa zan nema in girafik kad ɗin RTX 4060 ne?