Likita ya ce kyanwata na da ciwon suga, in fara mata allura?

Maman Hanif, Agege: Salamu alaikum. Kyanwata shekararta 9, da can ƙatuwa ce, yanzu ga ci amma sai ramewa take. Ruwa ba ya isar ta, inda ta yi fitsari kuwa har kiyashi ke taruwa. Likitan dabbobi ya auna jini da fitsari, ya ce suga ne, sai allurar insulin safe da dare, awa 12 tsakani. Ni kuma a kasuwa nake wuni. Wanda ya taɓa yi, yaya abin yake?

Baban Ummi: Ki jiƙa mata shuwaka, Hajiya.

Anti Rabi, Idi-Araba: Shuwakar nan ce ta kashe min tawa. Wata uku ina ɗura mata, har ta koma taka dunduniyar ƙafafun baya, ta kasa hawa kujera. Ranar da ta daina ci ta fara amai na kai ta asibiti, suka ce na makara. A cinyata ta cika, yarana suna ta kuka. Har yau raina a ɓace yake da maƙwabciyar da ta ba ni shawarar.

Ɗan Alaba: Mage da suga? Halan ita ke shanye muku shayi.

Anti Rabi: Ba abin dariya ba ne, ƙanena.

Nas Hauwa: Yaya, ki fara. Ki daina ba ta shinkafa da burodi, kifi da nama ne cimarta. Wasu in an kama da wuri har daina allurar suke yi. In kin ga tana layi ko karkarwa bayan allura, sugan ne ya faɗi, ki shafa mata zuma a dasashi ki garzaya asibiti.

Baban Ummi: Ke nas ɗin mutane ce, ina ruwanki da dabba?

Nas Hauwa: Tawa shekara biyu ke nan ina yi mata, Baba.

Malam Isa, Obalende: Gwajin kawai dubu 15 na biya.

Hajiya Larai: Ina? Dubu 40 aka caje ni a Lekki.

Maman Hanif: To awa 12 ɗin fa, in na yi latti daga kasuwa?

Malam Isa: Ki fara tunanin firij tukuna, insulin ba ya son zafi. Layinmu kwana huɗu babu wuta, a kular ƙanƙara nake ajiyewa.

Ɗan Alaba: Ku da sauƙi. Mu taransifomarmu ta ƙone tun azumi, an tara kuɗi sau biyu, kuma bil bai fasa zuwa ba.

Hajiya Larai: Nawa suka kawo muku wannan watan?