Dan Allah ya kuke yi da sharar lambu a nan Saudiyya?

Ɗan Kazaure, Riyad

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gareni ga waɗanda suka jima a aikin lambu. Ni ina kula da lambunan istiraha (gidajen shaƙatawa) ne da wasu gidaje a arewacin Riyad, yankan ciyawa, aske shinge, saran ganyen dabino, gyaran tiyon ban ruwa da sauransu. Abin da ke damuna shara ce wallahi. Duk sati sai mun tara tulin ciyawar najil da ganyen dabino da rassan bazromiya (itacen da ake shinge da shi), in ka zuba a durom ɗin baladiyya (hukumar gari) cika shi yake maƙwabta su fara ƙorafi, ƙonawa kuma garama ce wato tara, to dole a kira mai dabbab (ƙaramar motar ɗaukar kaya) a biya shi ya kwashe. Sannan ba a jima ba mai gida ya aike ka mashtal (wajen sayar da shuke-shuke) ka sayo buhunan taki da pitmos (ƙasar shuka ta buhu) da kuɗi mai yawa, alhali abin da muka biya aka zubar ɗin nan shi ne takin. Ga baƙaƙen robobin shuka da suke taruwa bayan an dasa fulawa. Ni dai asarar nan tana min ciwo. Akwai wanda ya samu hanya?

Baba Mai Dabino, Hufuf

Wa'alaikumussalam ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka yi wannan tunani, da yawa kwashewa kawai suke yi.

Taki ba wuya, amma zafin ƙasar nan ne zai yaƙe ka. Nemi lungu mai inuwa bayan katanga ko ƙarƙashin bishiya, ka haƙa rami kamar zuwa gwiwa, ka shimfiɗa busasshen ganye a ƙasa, ka bi da ɗanyar ciyawa, ka watsa kashin tumaki ko na kaji, ka yayyafa ruwa, ka sake maimaitawa har ya tashi. Busasshen ya fi ɗanyen yawa, in ba haka ba ciyawar dunƙulewa take ta yi yauƙi ta yi wari. Sai ka rufe da tsofaffin buhuna ko tsohuwar ragar inuwa. Matsalar Riyad iska ce busasshiya, in ka bar shi a buɗe ba ruɓewa zai yi ba, bushewa zai yi ƙarau ya zauna haka har shekara. Ka riƙa damƙo shi a hannu kana matsewa, in ya haɗe amma ruwa bai ɗigo ba to daidai ne. In ka cusa hannu ciki ka ji zafi har ka janye to yana aiki. Juya shi duk bayan sati biyu, wata uku zuwa huɗu za ka ga ya yi baƙi, ƙamshinsa kamar ƙasa bayan ruwan farko.

Dabino kuma shi ne inda nake so ka nutsu. Ganyensa taurin kai gareshi, in ka jefa shi ɗungurungum ba zai ruɓe ba. Fara datse ƙayoyin gindin nan da almakashi dan kar su huda ka ko yaran gidan, sannan a niƙa da farrama (injin niƙa itace), in ba ku da ita ana haya, ku haɗa kuɗi da masu lambun da ke kusa a yi rana ɗaya. Niƙaƙƙen ba sai ya shiga rami ba ma, shimfiɗa shi a gindin bishiyoyi kaurin yatsa huɗu, ka bar ɗan fili kada ya taɓa jikin itacen, za ka ga ƙasa ta daina bushewa da wuri, ciyawar banza ma ta ragu.

Amma ka kula da susa, jan ƙwaron nan mai cin dabino ta ciki. Tun 1987 aka fara ganinsa a Ƙaɗif kuma har yau ana fama da shi, mu nan Ahsa, yankin da Hufuf take, da muke da dabino sama da miliyan biyu mun san ɓarnarsa. In ka ga rami a jikin dabino yana fitar da ruwa mai wari da ɗan gari-gari, kar ka sa shi a taki, kar ka yanka kututturen ka yi benci da shi, kar ka ba mai dabbab ya kai wani waje, tsutsar tana ciki. A sanar da ofishin ma'aikatar noma su zo. Saran ganye ma ka bari sai lokacin sanyi, warin sabon sara ne ke jawo shi.

Ummu Safiyya, Jidda

Baba ya gama magana kan taki, ni ruwa zan ƙara. Ruwan mukayyif (AC) ɗin nan da ke ɗiga a banza ni jarka nake sa masa, ba gishiri a cikinsa ko kaɗan, da shi nake shayar da na'ana'a da rihan da tumatir ɗina a saman bene. Mu dai a Jidda saboda laima yana taruwa sosai, ku Riyad ba zai kai namu ba amma ko na jiƙa ramin takin ne ai ya rage wani abu.

Robobin kuma ka wanke su ka jera su cikin juna, wasu masu mashtal suna karɓa in ka tambaya, ko ka riƙa yanko reshen fulawar jahannamiyya kana kafawa a ciki kaga ka huta da sayen sabo. Sannan dan Allah in za ku ba masu tumaki ciyawa ku tabbatar ba a yi mata feshi ba, kuma kar ganyen fulawar dafla ya shiga ciki, guba ce, tana kashe dabba.

Abu Usman ɗan Maiurno, Riyad

Salam. Baba da girmanka, maganarka gaskiya ce a mazra'a wato gona, amma gidan mutum a Riyad wani abu ne daban, yawancin masu gida da sun ga tuli a lungu ko sun ga ƙuda ɗaya shikenan a kwashe. Mu a Sinnar ta Sudan ba mu san wani abu sharar lambu ba, awaki sun cinye, ragowar ya koma gona, nan kuma tsarin lambun ne da kansa yake haifar da sharar. An shimfiɗa najil fili guda a wajen da ruwan sama bai taka kara ya karya ba, kana ba shi ruwa safe da yamma dan ya girma, ya girma ka yanke ka biya a zubar. Bazromiya ma haka, saurin girmanta ne ya sa ake sonta, shi ne kuma ya sa kullum kana kan aski, ga saiwarta da ke bin bututun ruwa tana fasa balaɗ wato tayil.

Ni abin da nake yi in mai gida zai gyara lambu ina ba shi shawara a rage najil ya zama iya inda yara ke wasa, sauran a sa tsakuwa da itatuwan ƙasar, sidir wato kurnarmu, da ɗalha da samur, ba su son ruwa da yawa ba su son aski. Hukuma ma nan ta dosa, shirin Riyad Alkhadra da aka ƙaddamar a 2019 bishiya miliyan 7.5 ake son dasawa kuma da ruwan da aka tace za a shayar, je ka Wadi Hanifa ka ga irin itatuwan da aka sa. In ka faɗa wa mai gida kuɗin wayit (tankar ruwa) zai ragu yafi saurin jin ka da ka ce masa taki. Fasasshen balaɗ da duwatsun da muƙawil (ɗan kwangila) ya bari bayan gini kuma kar ka bari a kwashe, ni da su nake yin hanya da bakin kwami, tsohon tiyo in ka toshe hudar ya yi layin ban ruwa na baya.

Abu ɗaya kuma, ka san inda mai dabbab ɗinka yake kai kayan. Wasu a fili ko cikin kwari suke juyewa da dare, kuma tun da aka fito da dokar shara ta 2021 abin ba wasa ba ne.

Ɗan Kazaure, Riyad

Nagode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Istiraha ɗaya tana da fili bayan ɗakin mai gadi, can zan gwada ramin, mai ita mutumin kirki ne zai yarda in sha Allah. Malam Abu Usman maganar wayit ɗin nan ta shige ni. Baba saura tambaya ɗaya, najil ɗin ba zai sake tsirowa ba in na zuba takin a gindin fulawa? Ciyawar nan naci gareta.

Baba Mai Dabino, Hufuf

Ganyen da inji ya aske ba ya tsirowa ɗana, jijiyar ce mai gaɓa-gaɓa ke tsirowa, wadda kake tugewa a bakin kwami. Ita ka ware ta daban ka baza a kan siminti a rana har ta bushe ta riƙa karyewa a hannu, sannan ta shiga rami. Wadda ta riga ta yi 'ya'ya kuma kar ka sa. In ka ji wari ya tashi ka ƙara busasshen ganye ka juya, kuma kar mai gadi ya riƙa zuba ragowar shinkafa da ƙashin kaza a ciki, shi ke kawo kyanwa da ƙuda. Kashin tumakin ma ka nemi wanda ya kwana biyu, sabo yana ƙona saiwa.