Daga ina za a fara karanta adabin Rumawa?

Ga abin da na tattaro daga hirar da muka yi da wasu kan wannan tambayar. Yawancin mutane sun ce kar ka fara da Aeneid na Virgil duk da shi ne babba, kashi 12 ne kuma yana da nauyi, gara ka fara da Metamorphoses na Ovid saboda gajerun labarai ne na mutane da ke rikiɗa su koma itace ko tsuntsu, kana gama ɗaya kana son na gaba. Shi Ovid ɗin ma sarki Augustus ya kore shi daga Rum a shekara ta 8 Miladiyya zuwa Tomis, bakin Baƙin Teku, can ya mutu yana ta rubuta waƙoƙin kewar gida.

In ka zo kan Virgil an ce ka daɗe a kashi na 4, inda Dido sarauniyar Kartaj ta kashe kanta bayan Aeneas, jarumin labarin, ya tafi ya barta. Gaskiya wajen nan ya taɓa ni sosai, wallahi matar ta ba ni tausayi.

Mai son soyayya da zafin kishi ya nemi Catullus. Siyasa kuwa Cicero da Tacitus. Kuma dan Allah a samu fassara mai bayani a ƙasan shafi, sunayen gumakansu suna da yawa suna rikita mutum.