Uwar Zanen Barkwanci a Kanti: Sakaci Ne Ko An Fi Ƙarfinta?

Hajiya Inna: Assalamu alaikum. Jikata ta turo mini wani zanen barkwanci irin na jaridun Turawa, gida huɗu a jere. A na farko uwa tana tura keken cefane a babban kanti, yaro ya nuna kwalin alawa, ta ce a'a. A na biyu ya sake, ta sake hana shi. A na uku ya zube ƙasa yana birgima, mutane sun tsaya kallo. A na huɗu ga kwalin cikin keke, ita kuwa ta dafe kai. Wai abin dariya. Ni raina ne ya ɓaci. Matan da ake zanawa a irin waɗannan ba su iya tarbiyya ba, kuma yaron da ya karanta zai koyi cewa naci yana biya. 'Ya'ya tara na haifa, babu wanda ya taɓa yi mini birgima a gaban mutane. Harara ɗaya ta isa.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam Hajiya. Wallahi kun faɗi abin da ke raina. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka ce a'a sau biyu, a na uku ka miƙa, ai ka koya masa adadin kukan da zai yi gobe ke nan.

Malam Sabo: Hajiya, Allah ya ƙara girma, ku yi mini uzuri, zane nake koyarwa kuma na daɗe ina bin waɗannan. Ba a yi wa matan nan adalci ba idan aka yi musu kuɗin goro. Ku duba zanen barkwancin Calvin and Hobbes da Bill Watterson ya zana daga 1985 zuwa 1995. Yaron, wato Calvin, ɗan shekara shida ne, ƙiriniyarsa ba ta da iyaka, amma uwarsa, wadda ko suna ba a ba ta ba, a'a ce a bakinta kusan kullum. Akwai inda ya fara roƙonta abubuwan da ya san ba za ta yarda ba, har da cinna wa katifarsa wuta, don in ya sauko ya roƙi biskit ta ga abin ya yi sauƙi. Biskit ɗin ma ta hana shi. Wannan ce uwar da ba ta iya tarbiyya ba?

Sannan mai zane gida uku ko huɗu gare shi, kuma dole dariyar ta faɗo a na ƙarshe. Yaro ya roƙa, an hana shi, ya yi shiru: babu abin zanawa a nan. Ranar da abu ya lalace ita ake zanawa.

Maman Ilham: To Malam, ai ka ba mu gaskiya. In ranar lalacewa kaɗai ake nunawa, ita yara za su ɗauka.

Malam Sabo: Manya ne suka fi karanta su, Maman Ilham. A jarida suke fitowa, kuma uwayen ne ke yanke su suna mannawa a jikin firji.

Anti Bilki: Hajiya, ina da tambaya, kuma ba don raini ba. Cikin 'ya'yanku tara, guda nawa kuka taɓa ɗauka kuka shiga da su babban kanti suna shekara uku? Mu da muka tashi a cikin birni, Baba ne ke yin cefane, ko a aiki babban yaro da kuɗi a ƙulle. Ƙaramin yaro tsaraba yake gani, ba ya ganin inda aka sayo ta. In ma an je wajen mai tireda, kayan suna bayansa, sai ka faɗa ya miƙo maka.

Su ma Turawan haka suke da. Sai a 1916 wani Clarence Saunders ya buɗe kantin Piggly Wiggly a Memphis ta Amurka, inda mai saye ke shiga ya ɗebi kaya da hannunsa. A 1937 Sylvan Goldman ya fito da keken cefane a Oklahoma. Daga baya aka yi wa keken mazaunin yaro. Wato an ɗora yaro a sama, ana zagayawa da shi layi-layi, kwalaye masu launi suna wucewa ta gaban idonsa, ga cakulan an jera a daidai wajen biyan kuɗi, inda dole a tsaya a layi, uwa ta gaji, hannunta na cikin jaka. Wannan ba tsautsayi ba ne, tsari ne. Shekarata 11 a Ingila da yara uku. Na san abin da matar cikin zanen take ji lokacin da ta dafe kai, don na dafe nawa.

Baban Sadik: Anti ta taɓo wurin. A Ingilar ma ai tun watan Oktoba na 2022 doka ta hana manyan kantuna jera kayan zaƙi da na maiƙo a wajen biyan kuɗi, da bakin ƙofa, da ƙarshen layukan kaya. Chile kuma a 2016 ta hana sa hotunan zanen yara a kwalayen abinci mai yawan sukari, har hoton damisar da ke jikin kwalin abincin kamfanin Kellogg's aka cire. Lardin Quebec na Kanada tun 1980 ya haramta talla ga yaran da ba su kai shekara 13 ba. Da harara tana isa, da ba a kai ga majalisa ba.

Hajiya Inna: Baban Sadik, wannan hujjata ce ka kawo. Sai da iyaye suka kasa gwamnati ta shigo. Kuma Bilki, kar ki ce yaranmu ba su ga kwaɗayi ba. Mai alawar madara yana bin ƙofa-ƙofa, ga mai rake, ga mai tuwon madara a bakin makarantar allo. Sun gani, sun haɗiye yawu, sun wuce.

Anti Bilki: Sun wuce, Hajiya, saboda duk unguwa tana tare da ku. Yaro ya yi rigima a ƙofar gida, maƙwabciya za ta tsawatar, mai alawar da kansa zai ce tafi gida. Ɗa na kowa ne. Matar cikin zanen ita kaɗai ce. Ku sake duba gida na uku da kuka ba mu labari: mutane sun tsaya kallo, ba wanda ya taya ta. A nan inda nake, in na ɗaga murya ni za a kalla, ba yaron ba. Ranar da na taɓa miƙa wa ɗana abin da na hana shi, ba don shi na miƙa ba, don idon mutane ne. Har yau abin yana damuna.

Maman Ilham: Wannan na yarda da shi. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ni tun a gida nake cewa abu ɗaya kowa zai ɗauka, wanda ya roƙi na biyu ya rasa na farkon. A zanen ba na ganin uwa tana yin haka.

Baban Sadik: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, ina uban? Zanen barkwancin Family Circus da Bil Keane ya fara a 1960 na iyali ne mai yara huɗu, kuma daga matarsa Thelma ya ɗauko siffar uwar. A yawancin zanen cefanen da na gani, uwa ce ke fama da keke da yara. Muna nan muna yi mata hisabi, ba wanda ya tambayi mai gidan.

Hajiya Inna: Maganar kaɗaici ta shige ni, Bilki, Allah ya dafa miki. Amma batun kwalin nan ina nan a kan bakana, bai kamata ya shiga keke ba. Maman Ilham, ranar Asabar ki ba ni autanki in shiga babban kanti da shi, in gani da idona.

Maman Ilham: To Hajiya, zan kawo shi bayan la'asar. Shekararsa uku da wata huɗu. Sai dai ku bari ya ci abinci tukuna kafin ku fita.