Me ya sa hoton mujiya ke fito mini dishi-dishi?

Tambaya:
Assalamu alaikum. Na sami wata mujiya tana zama a tsagin dutse wajen duwatsun Shere da ke kusa da Jos, amma duk hoton da na ɗauka da madubin kyamarata mai milimita 600 sai ya fito dishi-dishi, ko da kuwa tsuntsuwar ba ta motsa ba. Ina rokon shawarar magabata.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Laifin yawanci na hannu ne, domin dogon madubi yana ƙara girman rawar hannu kamar yadda yake ƙara girman tsuntsu. Idan a hannu kake riƙe da kyamara, kada saurin ɗauka ya gaza 1/640 na daƙiƙa. Da magariba haske ba zai isa ba, sai ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, gara hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa da wanda ya dusashe. Ka ɗora kyamarar a kan mazauni mai ƙafa uku, ka saita lokacin jinkiri na daƙiƙa 2 don kada yatsanka ya girgiza ta, sannan ka sa tsinin saitin da ke fito da hoto sarai a kan idon mujiyar, ba a kan reshen da ke gabanta ba.

Amsa ta biyu:
Malam ya faɗi gaskiya. Na ƙara da cewa hazon hunturu da zafin da ke tashi daga dutse da tsakar rana suna ɓata hoto daga nesa, don haka ka fita da sassafe. Kuma don Allah a bar haska mata fitila a ido, tsuntsuwar dare ce.